Asibitin Albasa na Haliru

A Lambara, in ka kuskura ka ce ka taɓa ganin wani abu, to Haliru ya taɓa ganin uwarsa. In ka ce ka hau jirgi, shi kusa da direba ya zauna. In ka ce ka sha rana, shi ya ƙetare hamada da ƙafa, alhali kowa ya san iyakar tafiyarsa Ƙwanni ce, sayen dabino, kuma a ranar ya dawo. Ba mugu ba ne, wannan duk gari ya shaida. Yana da kyauta, yana da zumunci, ba a riga shi zuwa jana'iza. Kunnuwansa ne dai ba sa aiki in bakinsa na motsi, bakin kuwa ba ya hutawa sai an ajiye masa tuwo.

Mahaifiyarsa, Inna, tana da abu guda da ba ta haɗa shi da komai ba, wato irin albasarta. Ja ce, mai ɗan siririn wuya, wadda za ta yi wata shida a ajiye ba ta tsiro ba, ba ta ruɓe ba. Daga hannun mahaifinta ta karɓe ta, shi ma daga hannun nasa. Kowace shekara takan zaɓi manyan kawuna ta ajiye, bayan kaka a binne su a fadama su yi fure, a sami irin da za a yi reno da shi. To bara ruwa ya ci fadama, ya haɗa da rumfar ajiya. Abin da ya tsira kwando ɗaya ne tak, kai ɗari da ashirin. In wannan kwando ya lalace, irin ya ƙare ke nan a duniya.

Ana cikin haka sai Halima, ƙanwar Haliru, ta haihu a Mandera, Inna ta haɗa kayanta za ta je yi mata wankan jego. A bakin zaure ta tsaya ta kama hannun rigar ɗanta.

"Haliru, ka ji ni da kunnen basira. Kwandon ga, Ɗantani za ka kai ma. Shi dasa mani shi ga hwadama awa kullum. Kai dai kai shi, kak ka ƙara komi."

"Inna, ni za a koya ma albasa?"

"Ban ce ka koya ba. Na ce ka kai."

Ɗantani ɗan ƙanin Inna ne, taubashin Haliru ke nan, kuma manomin rani na gaske. Mutum ne mai shiru-shiru, amma in ya ga Haliru sai harshensa ya yi kaifi, don tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Da Haliru ya kai kwandon a ranar, da babu labari. Sai ya ce bari gobe. Goben kuwa ita ce ranar da ƙungiyar manoman rani ta yi taro a Bodinga, shi kuma ba ya jin an tara mutane ya zauna a gida.

Wata malamar gona ce ta yi bayani, Malama Atika. Ta ce akwai ƙasashen da shekara ke zagayowa ba a yi ruwan kirki ba, amma suna fitar da kayan lambu har su sayar wa duniya. Ta ce sai an fara da sanin inda ruwa yake, ko kogi, ko madatsa, ko can ƙarƙashin ƙasa. Sai abin da zai ɗago shi, ga rana nan Allah Ya ba mu kyauta, injin sola ba ya cin mai. Ta yi dogon bayani kan rairayi, yadda ba ya riƙe ruwa sai an ƙosar da shi da takin gida. Duk wannan Haliru bai ji ko ɗaya ba, yana can bayan rumfa yana gaya wa wani baƙo yadda ya taɓa shan nonon raƙuma da Buzaye. Sai da baƙon ya gaji ya tashi, sannan kunnuwan Haliru suka buɗe, daidai lokacin da malamar ke rufewa.

"Babban sirrin kuwa tattalin ruwa ne," in ji ta. "Su ba sa malale gona. Dirif suke sa wa kowace shuka, da 'yar siririyar roba, ɗigo-ɗigo, ba asara."

Haliru ya miƙe zumbur. Dirif! Wa za a gaya wa dirif? Shi da ya yi jinyar surukinsa kwana tara a asibiti, ya ga yadda ake rataye ledar ruwa, a nemo jijiya, a soka allura, mutumin da ya yi laushi ya tashi ya nemi kunu. Ashe ƙarin ruwa ake yi wa shuka! Ashe duk shekarun nan manoman Lambara wanka suke yi wa albasa, su kuwa mutanen hamada ta jijiya suke ba ta! Malamar ta ce mai tambaya ya tsaya, za ta nuna hotuna. Haliru ya ce a ransa hoto na wanda bai gane ba ne, ya fita ya tari mota sai Shagari.

Can ya faɗa kemis ɗin wani Nura, yana haki.

"Nura, robar ƙarin ruwa nika biɗa, da alluratta."

"Subhanallahi, Baba Haliru, wa ab ba lahiya? Guda nawa?"

"Ɗari da ashirin."

Nura ya dafe kantar shagon. "Ɗari da mi?"

"Da ashirin. Kuma yau nika so, kahin su bushe."

"Su bushe? Innalillahi! Duk a Lambara?"

"Duk a gidana. Suna nan cikin ɗaki guda, an ruhe su da buhu."

Ya faɗi haka ne don kada ya tona sirrinsa, wani ya riga shi. Nura kuwa ya kwashe duk abin da ke shagon, ya aika aka haɗo na maƙwabta. Kafin Haliru ya isa gida labari ya riga shi. Ya tarar da matarsa Rahamatu a tsakar gida da waya a kunne, tana rantsuwa ga mutum na bakwai cewa babu amai, babu gudawa, kowa lafiya lau. Masu kai fura Lambara ranar nan sun juya daga hanya.

"Malam, mi kaj je kac ce a Shagari?"

"Ilimi naz zo da shi, Rahamatu. Ɗauko mani kwandon Inna."

Ta tsaya cak. "Na Inna? Wanda tac ce a kai ma Ɗantani?"

"Ɗantani wanka shika yi ma albasa. Ni ta jijiya za ni ba ta. Inna ta komo ta iske irinta ya cika rumbu ukku, sannan ki ji mi za ta ce."

Rahamatu ta roƙe shi, ta haɗa shi da Allah, ta ce ya gwada da albasar kasuwa mana. Ya ce ai babban aiki sai babban iri. Da Ɗantani ya zo karɓar kwandon da yamma, Haliru ya dube shi ido cikin ido ya ce Inna ta sake shawara, ta tafi da shi Mandera surukinta ya dasa. Ƙarya ba halinsa ba ce sosai, ƙari dai yake yi wa gaskiya, amma ranar nan ya yi ta tsagwaronta, har ya ɗan ji nauyinta a ƙirji.

Bai nufi fadama ba. Ya ce fadama ta ragwaye ce, kowa ma ya iya noma a inda ruwa ke kwance. Gonarsa ta tudu ya zaɓa, can bayan gari, rairayi zalla, wadda ko gero sai ya ga dama yake fita, don a cewarsa ita ta fi kama da hamada. Ya ja kunya shida, ya binne kai ashirin a kowace, wuyansu a waje. Ya saro sandunan dogon yaro ya kakkafa, kowane kai da sandarsa. Ya bi gari ya tattaro gorunan ruwa na roba, ya cika su, ya rataye su baki ƙasa, ya soka robobin a murafunsu. Da iska ta kayar da biyu, sai ya samo doguwar igiya ya ɗaure sandunan da juna, ya ce yanzu sai dai su faɗi tare.

Neman jijiya ne ya ba shi wahala. Ya durƙusa a kan albasa ta farko, ya ɗaure mata wuya da tsumma, ya ɗan mammare ta da yatsu biyu yadda ya ga ma'aikatan jinya na yi, jijiya ba ta taso ba. Ya soka a dama, allura ta lanƙwashe. Ya soka a hagu, ta zarce ta shige babban yatsansa, ya yi ƙara har jakinsa da ke ɗauke da jarkoki ya tsinke. Daga ƙarshe ya yanke hukunci cewa albasa duk jikinta jijiya ne, ya riƙa luma allurar a tsakiyar kai har gindi. Ya murza 'yar tayar robar, ruwa ya fara ɗiga. Haliru ya zauna a kan rairayi yana kallon ɗigon nan, yatsa a baki, daɗi ya cika shi har ya ji ƙwalla.

Kwana biyu gari ya gano. Da ma wa zai ɓoye gona mai goruna ɗari da ashirin suna walƙiya a rana? Haliru ya kewaye wurin da igiya ya hana kowa matsowa, ya ce albasar kasuwar Bodinga ce yake gwaji da ita. Ya koma sa farar jallabiya in zai shiga gona. Tun ana ce masa Dakta a bayan ido har aka koma faɗa a gabansa, shi kuwa ya amsa da gaske.

Ranar Juma'a bayan an sauko, sai ga Ɗantani da mutum kusan goma sha biyar, a jere, fuska a sunkuye. Ɗantani na riƙe da kwanon kunu, wani na bayansa da lemo a leda. Suka tsaya bakin igiya suka cire takalma.

"Salamu alaikum, Dakta. Mun zaka dubiya."

"Dubiyar wa?"

Ɗantani bai kula shi ba. Ya durƙusa ya fuskanci kunya ta farko, ya sassauta murya. "Sannunku. Ƙaƙa jiki? An samu barci? Allah shi ƙara sauƙi, Allah shi sa kaffara ta."

"Amin," in ji jama'a gaba ɗaya.

Ɗantani ya ɗago kai. "Dakta, waccan ta ƙarshe ta yi hwari hwa. Ko jini za a ƙara mata? Ga Muhammad Sani nan, jininai irin na kowa na."

"Ku yi dariya," in ji Haliru, yana gyara wuyan jallabiya. "Haka anka yi ma duk wanda yaz zo da sabon abu. Ku da kuka zuba ruwa awa masu wankin jaki, mi kunka sani? Ɗigo guda nawa ya hi bokiti goma naku."

"Gaskiya ta," in ji Ɗantani. "Tau ɗakin mata ina shike? Matana sun ce su ma za su zaka da rana."

Aka bushe da dariya, har shi Halirun sai da ya kusa darawa. Ya kore su, amma ya karɓi kunun.

Mako na farko albasa ta tsiro, don kai mai ƙarfi ko a kan dutse ka ajiye shi sai ya fid da ganye. Haliru ya zagaye gari har sau biyu. A mako na biyu ganyen ya fara sanyi. Ya taɓa wata gora da azahar ya ji ruwan ya yi zafin shayi, ashe tun safe dafa marasa lafiyarsa yake yi daga ciki. Ya tsinka tsofaffin tabarmi ya yi wa kowace gora 'yar malafa, gona ta koma sai ka ce taron gajerun mutane a rana. Awaki suka gano cewa robar na da daɗin tauna. Ya kwana uku yana ɗaurin roba da zare, yana zagin awakin da sunayen masu su. Ga jigilar ruwa daga rijiyar gari, sawu huɗu kullum, har jakin ya koyi kwanciya da ya ga jarka.

A mako na uku ganye ya yi rawaya ya kwanta. Da wani mutum ne, da ya tsaya ya yi tunani. Haliru kuwa ya tuna cewa ruwan asibiti ba ruwan rijiya ba ne, akwai abin da ake sa masa. Ya sa Rahamatu ta kawo gishiri da sukari.

"Malam, miya za ka yi da su a cikin ƙasa?"

"Ruwan gishiri da sukari na. Ko jariri anka ba shi sai ya miƙe."

"Wallahi in Inna taj ji…"

"Sai dai ta ji a rediyo."

Ya dama, ya ɗura wa goruna. Washegari duk cinnakun ƙasar Shagari suka hallara. Sun bi sanduna, sun bi robobi, sun yi hanya baƙi ƙirin daga gora zuwa gora. Wani ɗan wari kuma ya fara tashi, wanda Haliru ya ce alamar cuta ce ke fita.

Maimakon ya ja baki ya yi shiru, sai ya hau mota ya koma Bodinga, ya sami Malama Atika, ya ce mata ya kafa dirif na zamani a Lambara da hannunsa, irin wanda ko a hamada sai an bincika. Baiwar Allah ta yi murna ƙwarai, don ta daɗe tana bayani ba wanda ya gwada. Ta ce ranar Laraba za ta zo da 'yan ƙungiya su gani.

Abu ɗaya ne ke damun Haliru, wanda bai gaya wa kowa ba. Tun ranar farko allurai ashirin sun lalace a wajen neman jijiya, saboda haka kunya ta shida, ta can baya, ba ta samu ba. Robobinta haka nan ya yar da bakinsu a ƙasa kusa da gindin kowane kai, suna ɗiga a rairayi, sandunanta ma bai haɗa su da igiyar sauran ba. Wurin ma bai yi masa ba, tsohon makwancin shanun wani makiyayi ne, duk busasshen kashi. Kunyar abin yake ji, shi ya sa ya kafa zana ya kare ta daga idon mutane. Kullum da magariba sai ya cika mata goruna a gaggauce, fuska a kauce, ruwan gishiri da sukari kuwa bai ɓata mata ko cokali ba. Ranar Talata ya ƙara wa zanar tsawo, ya ɗaure ta da igiyar sanduna don kada iska ta tona shi a gaban baƙi.

A ranar ce kuma Rahamatu ta kasa daurewa. Ta saka mayafi ta tafi gidan Ɗantani, ta gaya masa albasar wa ke kwance a asibitin. Ɗantani ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya tuna kunun da ya kai, da dariyar da ya sa aka yi, ya ji kamar ya mari kansa. Da asuba ya hau babur sai Mandera.

Laraba da hantsi motoci biyu suka tsaya bayan gari. Manoman Bodinga suka sauko, na Shagari suka biyo a babura, mutanen Lambara kuwa ba wanda ya zauna a gida, har mata sun leƙo ta bayan darni. Haliru ya sha wankakkiyar jallabiya, ya tsaya a tsakiyar kunyoyi. Malama Atika ta taho da fara'a da littafinta a hannu. Tana isowa bakin igiya fara'ar ta tsaya. Ta dubi gorunan da malafunsu, ta bi robar da ido har zuwa inda allura ta nutse a kan albasa. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Malam Haliru, mene ne wannan?"

"Dirif, Malama. Yadda kinka ce."

"Ni na ce a soka wa albasa allura?"

"Ba ki kai ga nan ba, ni nac cika sauran. Jama'a, ku matso ku ji! Abin da as sa mutanen hamada sunka hi mu, ba komi ba na sai jijiya. Mu muna ba ƙasa ruwa, ƙasa ta sha ta bar shuka da ƙishi. Ni kau kai tsaye nika aikawa."

"Tau wanga wari hwa, Dakta?" in ji wani daga baya, hannu a hanci.

"Warin asibiti na. Wa at taɓa zuwa asibiti bai ji wari ba?"

"Ganyen kau duk ya kwanta."

"Marar lahiya a tsaye shika jinya? Ƙarhin na ƙasa. Bari ku gani."

Ya zaɓi wadda ta fi girma, ya zare allurar a hankali, ya danna wurin da auduga, ya tona gefe da yatsu ya cafko ta ya ɗaga sama don kowa ya gani. Bai ma matsa ba. Albasar ta fashe a hannunsa, wani ruwa mai kauri ya tsarto masa a gemu ya gangara kan farar jallabiya. Warin da ya biyo baya ya mayar da sahun gaba baya taku biyar. Ya yar, ya cafko ta biyu, ita ma haka. Ta uku ko fitowa ba ta yi ba, a cikin ramin ta narke.

Duk wannan tsayuwar a kan hanyar cinnaku yake yin ta, su kuwa sun gama hawa. Na farko ya cije shi a bayan gwiwa, sauran suka amsa. Dakta ya daka tsalle, ya mari cinya, ya juya, ƙafarsa ta shiga cikin robobi. Ya kama sanda don ya tsaya, sandar ta bi shi. Da yake ya ɗaure su da juna, sai ta ja 'yar'uwarta, ita ma ta ja tata. Haka suka riƙa zubewa kunya bayan kunya, goruna na fashewa, malafu na tashi sama, har jan ya kai ga zana ta kife rigijib. Haliru na kwance a ƙarƙashin tulin sanduna, jiƙe da ruwan sukari, cinnaku na shagali. Mutane suka yi dariya har wasu suka zauna a ƙasa.

Dariyar ta yanke ne daga gefe ɗaya, ta bi taron tana mutuwa. Babur ɗin Ɗantani ne ya tsaya, Inna ta sauko. Ba ta dubi kowa ba. Ta tsallake igiya, ta durƙusa a kunya ta farko ta sa hannu, ta ɗago ɓawon nan ja, fanko, ta juya shi a tafinta. Ta matsa gaba ta sake tonawa. Ta yi haka har sau biyar. Haliru ya fito daga ƙarƙashin sanduna da rarrafe. Da ya ga ɓawon a tafin uwarsa, cizon cinnakun ma ya daina jin sa.

"Na Baba na," in ji Inna, ba da kowa take ba. "Shekara sittin ban taɓa rasa shi ba."

"Gwaggo," Ɗantani ya kira ta a hankali. "Gwaggo, diba can."

Inda zana ta faɗi, kunya ta shida na tsaye. Ganye kore shar, tsawon kamu biyu, kai ashirin ba wanda ya yi ciwon kai, wasu ma har sun fara turo sandar fure. Robobinsu na kwance a ƙasa, kowace ta jiƙa ɗan da'ira a gindin shukarta.

Malama Atika ta riga kowa isa. Ta durƙusa ta damƙi ƙasar, ta ji sanyinta, ta shinshina takin da ke ciki. "Jama'a, ku zo ku gani! Wannan shi ne abin da nake ta faɗa. Ruwa kaɗan, a gindi, ba yankewa, ga taki ya riƙe shi. Ƙasa ake ba ruwa, saiwa ta sha da kanta. Malam Haliru, wa ya yi maka wannan layin?"

Bakin Haliru ya buɗe da kansa, don ya saba. Ga amsa nan a shirye, mai daɗi, cewa da ma gwaji biyu ya yi don ya nuna wa jama'a bambanci. Sai ya haɗa ido da Inna.

"Allura ta ƙare mani," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Raina su niy yi. Shi as sa nib ɓoye su."

"Tau taubashi," in ji Ɗantani, "kunya shidda kaj ja, guda ɗai ta hid da kai kunya."

Aka yi 'yar dariya, ba irin ta ɗazu ba. Inna ta bi layin tana shafa ganye ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba. Ashirin cikin ɗari da ashirin. Ba yawa, amma in sun yi fure za su ba da irin da zai cika gwangwani, kuma gwangwani ya isa a fara. Ta miƙe da ƙyar, ta dafa kafaɗar Ɗantani, ta juyo ta dubi ɗanta daga gemu har ƙafa.

"Haliru."

"Na'am, Inna."

"Ruwa ɗai za ka kawo, safe da marece. Ka cika goruna ka juya baya."

"To, Inna. Amma da za a ɗan ƙara masu…"

"Haliru, waɗanda kak kula da su ga su nan kwance. Waɗanga da kar raina, don girman Allah ka ci gaba da raina mani su har su yi hure."

Haliru ya rufe baki. Ya tube jallabiyar ya kakkaɓe cinnaku, ya ɗauki jarkoki biyu, don jakin tuni ya gudu gida. Mutanen Lambara suka buɗa masa hanya, ya bi ta tsakiyarsu ya nufi rijiya, kuma har ya ɓace ba wanda ya ji ya ce uffan.